Mangilal Ba Ya Neman Dillali

Mijin yayata, Mangilal Tapariya, ya iso Maisuru daga Bikaner a cikin tsohuwar farar motarsa ta ɗaukar kaya, tukwanen suya ɗaure a sama, Yaya Kesar a gefensa tana riƙe da igiyar da ke hana ƙofa buɗewa. Ni na daɗe a garin da shagona na ɗinki, don haka ni na samar musu haya a gidan wani tsohon malamin makaranta mai suna Timmegowda, ɗaki biyu a sama, shagon kayan zaƙi a ƙasa.

Shekara ta kusa zagayowa sai wani ɗan sandan hanya ya tsayar da shi. Lambar motar har yanzu ta Rajastan ce, jihar da ya baro. Lasisin kuwa, da aka zaro shi daga ƙasan rawani, sai aka ga ya mutu tun gashin bakin mai shi yana baƙi. Ɗan sandan ya ce nan da ƙarshen wata, in ya sake ganin motar da wannan lamba da wannan lasisi, to a harabar ofishinsu za ta tsufa. Ga shi a ƙarshen watan ne Timmegowda zai aurar da 'yarsa, kuma ya riga ya ba Mangilal aikin laddun baƙi gaba ɗaya, wato dunƙulalliyar alewar da ake rabawa a biki, da kai shi gidan biki a can bayan gari.

Da yamma muna shan kofi a ƙofar shago, Timmegowda ya ce, "Mangilal-ji, akwai wani dillali da ke zama gindin bishiya a ƙofar ofishin lasisi. Ka ba shi takardun ka koma kan tukunyarka."

Mangilal ya murza gashin baki. "Dillali na makafi ne da marayu, Malam. Ni da na tuƙa mota a cikin rairayin Bikaner, inda babu kwalta sai sawun raƙumi? Da safe zan shiga, kafin Kesar ta sauke shinkafa na fito da lasisi a aljihun dama, sabuwar lamba a na hagu."

Puttamma, mai sayar da furanni da ke ajiye kekenta mai ƙafa uku a gefen shagon, ta ce, "Da wane yare za ka yi musu magana? Ko gaisuwa ba ka iya ba."

"Yaren Kannada? Na gama da shi tun a watan farko. Kawai ba na son in riƙa kunyata 'yan gari ne."

Kalma ɗaya ya sani, *haudu*, wato i. Da ita yake sayar da alewa, da ita yake amsa gaisuwa, da ita ya taɓa amsa wa wani da ya tambaye shi ko shi ne ya mutu a gidan makwabta.

Yaya Kesar ta leƙo ta taga ta ce da ni, "Parasmal, ka raka shi."

"Ya raka ni ya riƙe mini lema," in ji Mangilal. "Amma in ya buɗe baki a ofishin nan, ba ni ba shi."

Washegari muka je. Da layi ya zo kanmu, magatakardan bai ko ɗaga kai ba, ya fara jero tambayoyi cikin Kannada. Lasisin ƙaramar mota ake so? Mangilal ya ce haudu. Har da babur mai giya? Haudu. Na matso na kira shi yadda muke kiran mijin yaya, na ce, "Jijaji, tsaya ka ji," sai ya ɗora dugadugansa a kan yatsan ƙafata ya danna. Magatakardan ya ɗago a karo na farko, ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaya ko har da tarakta. Mangilal ya yi murmushin manya ya ce haudu, haudu.

Aka ba shi ranar gwaji. Aka kuma ce batun lamba sai ya kawo takardar sallama daga jihar da ya baro.

Muna fitowa na ce, "Jijaji, ka san abin da ka amsa? An rubuta ka gwajin mota da babur da tarakta."

Ya murza gashin baki.

"Na sani sarai. Da gangan na yi. Mutum ya zo sau ɗaya ya kwashe duka, ba irin ku masu sayen gishiri cokali-cokali ba."

"Ka taɓa hawa babur?"

"Mota mai ƙafa huɗu na iya, mai ƙafa biyu ce za ta gagare ni? Ai rabin aiki ne."

Batun takardar sallama kuwa, ya ce wannan ko tashi daga zaune ba zai yi ba. Yana da amini a ofishin Bikaner, Hukmichand, wanda ko babban jami'in wurin ba ya fara aiki da safe sai ya gan shi. Ya jira sai da ƙofar shago ta cika da masu shan kofi, sannan ya buga waya ya buɗe murya don kowa ya ji.

"Hukmichand, ni ne Mangilal."

Aka ji ƙarar kofuna da tafasar madara. Wata murya ta ce, "Wane Mangilal?"

"Mangilal Tapariya mana. Amininka."

"Au, mai farar mota? Wanda ya yi ribas ya hau kan keken raƙumin mai gishiri, har raƙumin ya bi shi cikin kasuwa? Yaya ƙeyarka, ta warke?"

Mangilal ya shiga laluben maɓallin rage murya, ya ƙara ta.

"Takardar sallamar mota nake so ka sa hannu ka aiko mini."

"In sa hannu? Ni da nake sayar da shayi a bakin ƙofa? In dai shayi ne sai in aiko maka a kwalba. Kai, na ukun can, da sukari ko babu?"

Wayar ta katse. Puttamma ta sunkuya tana gyara furannin da ba su lalace ba, kafaɗunta na rawa. Timmegowda ya cire tabarau yana ta gogewa.

"Haka manyan can suke," in ji Mangilal. "Ba sa bayyana kansu a waya. Ana saurare."

Takardar ta zo daga baya, don Yaya Kesar ta kira ɗan wanmu da ke Bikaner ya je ya bi layi. Mangilal ya zagaya unguwa da ita yana cewa, "Ba na gaya muku ba? Hukmichand ba ya magana biyu."

Ana jibi gwaji, na zo na tarar da shi a bayan gida da gwangwanayen fenti, ya tuɓe riga.

"Me kake yi, Jijaji?"

"Jami'i da ido yake fara cin abinci. Motar da za ta karɓi lambar sabuwar jiha ba za ta je da tsohuwar riga ba."

Ya shafe ta kore shar, irin koren aku. Bai bar ko'ina ba, har cikin injin sai da ya zura buroshi. Ya sayo ham irin na manyan motoci mai busa waƙar rakiyar ango ya ɗaura. Sannan ya bi gida-gida yana gayyatar mutane su zo su ga yadda ake cin gwaji, ya ce kowa ya zo da yaransa don ilimi ne. Ya soya laddu faranti-faranti na murna, ya jera a bayan motar. Ya sa Puttamma ta kitsa masa sarƙar furanni da za a rataya masa in ya gama.

"In kitsa babba ko ƙarama?" in ji ta.

"Wadda za ta kai gwiwa."

"To. In ba ta yi amfani a wuya ba, ta yi a kan makara."

Ranar gwaji unguwa ta kwaso. Timmegowda ya zo a kan baƙin babur ɗinsa, wanda yake wankewa kowace safiya kafin ya wanke fuskarsa. Puttamma ta kwaso mata a kekenta. Aka jeru a kan katangar filin, ƙarƙashin wata babbar tsamiya da birai ke zaune a kanta suna kallon masu kallo.

Jami'ar da ke aiki ranar wata gajeriyar mata ce mai furfura, sunanta Nagaratna a rubuce a ƙirji. Tana jin Hindi sarai, yaren da Mangilal ke ji. Ta zagaya motar, ta duba takarda, ta sake zagayawa.

"Ina motar?"

"Ga ta a gabanki, ranki ya daɗe."

"An rubuta fara."

"Fara ce. Daga ciki."

Ta ce a nuna mata lambar da ke buge a jikin ƙarfen motar. Mangilal ya ɗaga kujera, ya leƙa ƙasa, ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa ya shige ƙarƙashi. Ko'ina kore. Ya fito ya ɗauko ludayin suya ya shiga kankara, yana kankare nan yana kankare can, har gefen motar ya koma kamar jikin kare mai ƙazuwa. Da ya jingina da sitiyari don ya miƙe, gwiwar hannunsa ta danne ham. Waƙar ango ta tashi, ta kuma ƙi tsayawa. Wasu samari a layin gwaji suka fara rawa. Sai da wani makanike ya zo ya fizge waya.

Jami'ar ta ce, "Batun lamba, ka mayar da ita fara ka dawo. Gwajin tuƙi kuwa, tunda ka zo da jama'a, kada mu ɓata musu rana."

Kafin layi ya zo kansa, Mangilal ya tara sauran masu gwajin yana musu darasi. Ya ce madubi na mata ne masu kwalliya, direban gaske da ƙashin bayansa yake jin abin da ke baya. Wani ma'aikacin banki da ya saurare shi da kyau ya shiga fili da mota ya kwashe biyu daga cikin sandunan gwajin. Ya fito yana neman malamin nasa, Mangilal ya ce ai ƙashin bayan ne bai nuna ba tukuna.

Gwajin ba wani abu ba ne. Ka shiga tsakanin sanduna, ka yi ribas ka lanƙwasa, ka fito. Mangilal ya shiga da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Unguwa ta tafa. Tafin ne ya kashe shi. Ya sa ribas, ya zuro kai ta taga, maimakon ya dubi baya sai ya dubi katanga yana ɗaga hannu.

"Malam, ka lura da kyau. Hannu ɗaya ake yi."

Sandar farko ta kwanta. Ta biyu ta bi ta. Yaya Kesar, wadda da sunan 'yarsu take kiransa, ta ce, "Baban Pinki, bayanka." Ya waiwaya ya ga teburin jami'ar na tahowa, ya taka birki da ƙafa biyu. Motar ta tsaya cak, saura kamu ɗaya. Ƙofar baya, wadda igiya ce ke riƙe da ita, ta ce ita ba da ita aka yi wannan shawara ba. Ta wangale. Farantai suka sulalo, laddu ya watsu a fili yana gangarawa kamar an fasa buhun lemo.

Biran kan tsamiya ba su jira gayyata ba. Kafin ka ce kwabo filin ya cika da su, kowanne da ɗaya a baki, ɗaya a hannu. Wani babba ya haye teburin jami'ar ya zauna kusa da hatiminta yana ci a natse. Yara suka diro daga katanga suna rige-rige da birai. Jami'ar ta ɗaga ƙafa laddu ya wuce ta ƙarƙashi, ta ci gaba da rubutu.

Mangilal ya fito yana karkaɗe riga. "Birki kika so ki gani, ko? To kin gani. A Bikaner haka muke nuna shi."

"Na gani," in ji ta. "Mota ka faɗi. Saura babur. Ina naka?"

Nan ne mai hankali zai ce ya haƙura. Na matsa kusa na ce, "Jijaji, ka ce ƙafarka na ciwo mu tafi gida." Amma ya riga ya hango Puttamma tana ɗaga masa sarƙar furanni tana kaɗawa. Ya nufi Timmegowda.

"Malam, ara mini dokinka na minti biyu."

Timmegowda ya rungume kan babur. "Mangilal-ji, wannan ko surukina mai zuwa ban ba shi ya taɓa ba."

"A gaban jama'a za ka hana mai laddun bikin 'yarka?"

Dattijon ya dubi mutane, ya dubi babur, ya miƙa mukulli kamar mai miƙa ƙodarsa. Shi ya tayar masa da injin da kansa. Mangilal ya ƙi hular kwano, ya ce rawanin Bikaner ya fi ƙarfe, sai da jami'ar ta ce babu hula babu gwaji. Ya ɗora ta a saman rawanin, ta zauna kamar tukunya a kan gammo. Ya haye, ya kama hannuwa biyu, sannan ya kira ni da ido.

"Ina birkin?" ya ce a hankali.

"Hannun dama, da ƙafar dama."

"Totur fa?"

"Shi ma hannun dama."

"Wane wawa ne ya haɗa su wuri ɗaya?" Sai ya ɗaga murya. "Daidai. Gwada ka nake yi."

Abin da ake so shi ne ya zagaya sanduna ya zana lamba takwas. Mangilal ya saki kuloci gaba ɗaya. Babur ya ɗaga ƙafar gaba kamar doki, ya dire, ya miƙe. Lamba ɗaya ya zana, doguwa, madaidaiciya, daga inda yake har ƙofar fita. Hular ta faɗo tun a tsakiyar fili. Mai gadi ya yi tsalle ya faɗa cikin ɗakinsa. Muna jin Mangilal yana cewa, "Ku kauce, ku kauce," yana matse hannun dama don ya tsaya, babur na ƙara ihu. Rawanin ya kwance yana binsa a baya kamar wutsiya, har ya ƙare ya kwanta a kan titi.

Timmegowda, mai ciwon gwiwa da ba ya hawa bene sai an riƙe shi, shi ya riga kowa fita da gudu.

Tsallaken titin akwai kasuwar kwakwa. Babur ya bi ta tsakanin rumfuna biyu, ya tsallake wani mai barci, ya shige tsibin ɓawon kwakwa da ya fi mutum tsawo. Da muka isa, tayar baya kawai ake gani tana juyawa, da takalmi ɗaya. Timmegowda ya shiga tono da hannu bibbiyu. Ya fara cin karo da ƙafar Mangilal, ya ture ta gefe, ya ci gaba har ya kai ga babur ɗinsa. Madubi ɗaya ne ya karye. Ya zauna a ƙasa ya rungume shi.

Mu muka zaro Mangilal. Ba abin da ya same shi sai ƙujewa a gwiwa da zaren kwakwa da ya cika masa gashin baki. Ya tofar ya ce, "Totur ɗin babur ɗin nan a sake yake. Malam, ka gode Allah ni na gano, ba a kan babbar hanya ba."

Timmegowda ya faɗi wata kalma da Kannada wadda ban taɓa zaton malamin makaranta ya sani ba.

A keken Puttamma aka mayar da shi filin, zaune a kan ragowar furanni, kai babu rawani, masu kwakwa na biye suna so su ga ƙarshen abin. Ta rataya masa sarƙar don ta ce an riga an kitsa, ba za ta koma da ita ba. Jami'ar ta dube shi ta saman tabarau.

"Babur ka faɗi. Saura tarakta. Akwai ta makarantar tuƙi a can baya, in sa a kawo?"

Wallahi sai da ya fara miƙewa. Yaya Kesar ta ɗora hannu a kafaɗarsa ta mayar da shi zaune.

"Ranki ya daɗe," ta ce, "tarakta ya yafe wa jihar nan. Akwai yara a gari."

Dillalin gindin bishiya ne ya ƙarasa batun lamba, bayan Mangilal ya yini biyu a bayan gida yana mayar da motar fara, Puttamma na wucewa tana tambayarsa ko wannan karon daga waje ce fara ko daga ciki. Lasisi kuwa aka ce sai ya sake zama. Ranar biki Puttamma ce ta tuƙa, don ita tana da lasisin mota tun tana budurwa. Mangilal ya zauna a gefenta da sabon rawani, gwiwa a kan taga, yana gaya wa duk wanda suka tsaya kusa da shi cewa ya ɗauki direba. Laddu ya isa lafiya, ƙofar baya ɗaure da igiya uku da Yaya Kesar ta ƙulla da hannunta.

Ana tsakiyar cin abinci, baƙi a jere gaban ganyen ayabar da aka zuba musu abinci a kai, sai na hango wata gajeriyar mata mai furfura cikin dangin ango, da zanen sari na alharini. Jami'ar ce. Ashe gwaggon ango ce. Mangilal na tafe da faranti yana rabo, ya gan ta, ya nemi ya juya, layi ya hana shi. Ya ajiye mata ɗaya ba tare da ya ɗaga kai ba.

Ta gutsura, ta tauna, ta ɗan lumshe ido.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"To wannan kam ka ci. Ƙara mini biyu."

Ya ƙara mata huɗu. Kafin a kai ga raba ganyen taunawa na bayan abinci, ya zagaya rumfar gaba ɗaya yana shaida wa mutane cewa jami'ar lasisi da bakinta, a gaban shaidu, ta ce ya ci. Da muka fito ya miƙa wa Puttamma hannu ta ba shi mukulli. Ta jefa shi cikin rigarta, ta buɗe masa ƙofar baya, ta nuna masa wuri tsakanin farantai.